Daƙiƙa Goma Sha Huɗu a Tsakiyar Tafki

Sharaɗi biyu Auta ta kafa wa mahaifinta kafin ta yarda ya sayi tikiti: ya zauna a kujerar baya, kuma ya kama bakinsa.

"Yau ni ba 'yarka ba ce, Baba. Jagorar tafiya ce. Ka ji ko?"

"Na ji."

"Ko ka ga na tsaya, ko ka ga na m-m..."

"Maƙale," in ji shi.

Auta ta zuba masa ido. Daga ɗakin girki uwarta ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "To, ko ƙofar gida ba a fita ba ke nan."

Mai Agogo ake ce masa, saboda shekara talatin ya yi yana gyaran agogo a kan wani ɗan tebur a ƙarƙashin matakalar wani bene. Kowa ya shaide shi da haƙuri. Yakan yi awa guda yana lallaɓa ƙusa wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ko tsaki ba ya yi. Abu ɗaya ne haƙurinsa bai taɓa kaiwa gare shi ba, wato in'inar Auta. Tun tana shekara huɗu, da zarar kalma ta tsaya mata a maƙogwaro ya ga jijiyar wuyanta ta tashi, sai ya yi maza ya ƙarasa mata. Ya yi mata haka a wurin likita da kanti da gaban baƙi. Ko ranar da shugabar makarantarsu ta tambaye ta abin da take so ta karanta a gaba, ta buɗe baki ta kasa, shi ne ya ce ɗinki. A ganinsa keken ɗinki ba ya tambayar kowa komai.

Ta yi shekara uku a kan keken. Ran nan sai ta dawo gida da wata takarda, ta ce wani kamfani da ke kai mutane yawon buɗe ido na yini ɗaya, zuwa kan duwatsu da tafki, yana neman jagora. Aikin da ba komai a cikinsa sai magana. Ya yi ta faɗa, ya yi ta lallashi, ba ta janye ba. Ta yi horo, ta bi motarsu sau huɗu tana kallon yadda ake yi. Yau ce ranar gwajinta. Manajar kamfanin za ta zauna a motar da littafi a hannu. In ta gamsu, Auta ta samu aiki. In ba ta gamsu ba, keken yana nan inda aka rufe shi da zane.

Mako uku Auta ta yi tana jera kujeru a falo, ta riƙe ludayi a matsayin makirufo, tana yi wa kujerun bayani. Shi kuwa yana gefe kamar yana goge tabarau, alhali haddacewa yake yi. Babu layi ɗaya na bayanin da bai iya ba.

Ƙarfe bakwai da minti shida motar ta tashi da mutum goma sha takwas. Ya lura da mintuna shidan da aka makara, ya haɗiye maganar. Wanda ya zauna kusa da shi wani ƙaton mutum ne da kyamara rataye a wuya, dillalin tayoyi, wanda kafin a fita gari har ya ba shi labarin ciwon gwiwarsa da na surukinsa.

Auta ta tashi tsaye a gaba cikin rigar kamfani wadda ta yi mata ɗan yawa a kafaɗa. Ta gaishe su, ta faɗi inda za a tsaya da lokacin da za a dawo. Sau biyu ta ɗan yi tuntuɓe, ta wuce. Mai Agogo yana bin kowane layi a zuci.

Hanya ta fara hawa. Gonaki suka ƙare, itatuwa dogaye suka rufe gefe da gefe, iska mai sanyi ta shigo ta taga. Motar tana nishi a kan kowace kwana. Mutane suka manna fuska a gilashi suna nuna wa juna ruwan da ke gangarowa daga tsagin dutse, siriri kamar farin zare. Shi bai ga ko ɗaya ba. Wuyan 'yarsa yake kallo.

Da suka iso wata tsohuwar gada, Auta ta ce, "Wannan gadar da za mu hau, babu ƙarfe a jikinta. An gina ta ne da d-d-d..."

"Duwatsu!"

Sai da kalmar ta fita ya san daga bakinsa ta fito. Da ƙarfi kuma, har direba ya ɗaga kai ya duba madubi. Mota ta ɗauki dariya. Mai kyamara ya doke shi a cinya, ya ce, "A'a! Ashe muna da jagora biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Malam, kai nawa ne naka tikitin?"

Manaja ta juyo a hankali, ta dube shi ta saman tabarau, ta juya ta rubuta wani abu. Auta ta ce, "Haka ne, duwatsu. Na gode." Muryarta ba ta nuna komai ba, amma ya ga yadda ta damƙe makirufon.

A wurin hutawa na farko aka sauka. Fili ne a kan tudu, da shingen ƙarfe a bakinsa, daga nan ana hangen tafkin can ƙasa tsakanin duwatsu. Kowa ya nufi shingen. Shi ya laɓe bayan rumfar mai shayi, ya sayi kofi ɗaya ya riƙe bai sha ba. Nan ta same shi.

"Ka san abin da Manaja ta tambaye ni?" in ji ta, ƙasa-ƙasa. "Wai ko da tafinta na zo."

"Auta, wallahi ban san lokacin da..."

"Na sani. Kullum ba ka sani."

"Na ga kina shan wuya ne."

"Wuyata ce, Baba. Ka b-bar ni da abata." Ta numfasa. "Ta ce mutane za su iya jiran jagora mai in'ina. Abin da ba za su yarda da shi ba shi ne jagorar da fasinja ke yi wa aikinta. In ka sake, shi ke nan."

Ya so ya ce ta ja rigar sanyinta, iskar wurin ba ta da kyau. Ya so ya ce kada ta matsa kusa da shingen nan, ya ga ƙusa ɗaya ta yi tsatsa. Ya ce, "To."

Ta tafi ƙirga mutanenta. Shayin ya huce a hannunsa.

Daga nan hanya ta gangara, kwana bayan kwana, har bakin ruwa. Aka ci abinci a ƙarƙashin wata rumfa, aka raba rigunan ruwa masu hana nutsewa, aka shiga wani jirgin katako mai inji da benci biyu dogaye. Mai Agogo ya ɗaure tasa rigar har wuya, ya nemi can ƙarshe ya zauna. Mai kyamara ya biyo shi, jirgin ya ɗan karkata.

"Malam jagora na biyu, matsa mini. In mun nutse kai za ka yi mana bayani."

A tsakiyar tafkin mai jirgi ya kashe inji, kamar yadda aka saba, don jagora ta yi magana. A nan babu makirufo. Shiru ya sauko a kansu gaba ɗaya. Babu iska ko kaɗan, ruwan ya kwanta lumui, duwatsu sun kewaye su ta ko'ina, wani tsuntsu yana kuka daga nesa. Auta ta miƙe, ta dafa ƙarfen rumfar jirgin. Manaja tana zaune dab da ita, littafi a buɗe a kan gwiwa.

Ya san layin da ke zuwa. Ya ji shi ya fi sau hamsin a falo: daga nan, in kun duba hagu, za ku ga dutsen da ya fi kowanne tsawo.

"Daga nan," in ji Auta, "in kun duba..."

Ta tsaya.

Bakinta a buɗe, jijiyar wuyanta ta tashi. Ba sauti. Mai Agogo ba ya buƙatar duba hannunsa kafin ya san tsawon daƙiƙa, ƙirgar tana tafiya da kanta a cikin kansa. Ɗaya. Biyu. Uku. Kalmar tana kan harshensa, hagu, 'yar ƙaramar kalma, in ya sake ta komai ya wuce. Ya datse haƙoransa. Huɗu. Biyar. Wata mata ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar rigarta. Manaja ta ɗaga biro. Shida.

Mai kyamara ya gyara zama, ya buɗe baki. "Ina jin so take ta ce..."

Mai Agogo ya damƙe masa gwiwa, mai ciwon kuwa. Ya ce a hankali, "Bar ta. Tana zuwa."

Mutumin ya yamutsa fuska, ya janye gwiwarsa.

Takwas. Tara. A nan ne wani abu ya faɗo masa, irin yadda yakan gane ciwon agogo daga sautinsa. Shekara ashirin yana sauraron in'inar yarinyar nan, ya san inda take kama ta da inda ba ta kama ta. Ba ta taɓa maƙalewa a kan hagu ba. Ko sau ɗaya, a duk makonni ukun. Ke nan ba ita take nema ba. Wata kalma ce daban, kuma bai san ta ba.

Goma sha ɗaya. Goma sha biyu. Idonta ba ya kan dutse. Goma sha uku.

"Ƙ-ƙasa," in ji Auta. Ta ja numfashi. "Ku duba ƙasa, cikin ruwan. A hankali, kada ku taru gefe ɗaya."

Suka leƙa. Ruwan garau yake har ƙasa. Can a ƙarƙashinsu ga wata hanya shimfiɗe, da jerin duwatsu a gefenta, ta yi kwana ta wuce ƙarƙashin jirgin ta ɓace cikin duhun zurfi. Ƙananan kifaye suna bin ta a jere kamar masu zuwa kasuwa.

"Tsohuwar hanya ce," in ji ta. "Kafin a tare ruwan nan, ta nan ake bi a haye zuwa wancan gefen. Ba kullum ake ganinta ba. Sai ruwa ya ja baya, kuma babu iska. Sau huɗu na zo, ban t-taɓa ganinta ba sai yau. Mai jirgi ne ya ba ni labarinta."

Mai jirgin ya gyaɗa kai yana murmushi. Kowa ya zuba wa hanyar ido. Har mai kyamara ya manta da kyamararsa. Sai wata tsohuwa ta tambaya ko akwai gidaje a ƙasan, wani ya tambayi zurfin wurin, Auta tana amsawa, tana tuntuɓe tana tashi, ba wanda ya ƙosa.

Mai Agogo ya daɗe yana kallon hanyar. Da ya yi magana, da yanzu mutum goma sha takwas suna kallon hagu, jirgi ya wuce, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Kuma da Auta ta ce haka ne, na gode, kamar yadda ta faɗa a kan gada. Ya shiga tunanin sau nawa ta faɗi hakan a rayuwarta. A wurin likita. A kanti. A ofishin shugabar makaranta.

Da la'asar suka iso gari. Mutane suka sauka suna yi wa Auta godiya. Mai kyamara ya wuce yana ɗingishi, ya nuna Mai Agogo da yatsa, ya ce, "Kai, hannunka kamar filaya. 'Yarka ce ko? Ai goshin ya nuna."

Manaja ta kira Auta gefe. Mai Agogo ya tsaya nesa, ya juya baya yana karanta wata sanarwa a bango wadda bai fahimci ko layi ɗaya a cikinta ba. Da ya ji takunta ya juyo. Tana riƙe da wata 'yar takarda.

"Asabar da Lahadi," in ji ta. "Ƙarfe bakwai. Ta ce in rage hannun rigar."

"Alhamdu lillahi." Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya zuba su a aljihu.

Suka kama hanyar gida a ƙasa. Sai da suka wuce shaguna biyu ya ce, "Auta, ranar da muka je ofishin shugabar makarantarku, da ta tambaye ki abin da kike so ki karanta. Me kika so ki ce?"

Ta dube shi da mamaki. Ta buɗe baki, kalmar ta tsaya. Suna tafe, wani mai keke ya wuce su, wata mota ta yi ham. Bai ƙirga ba.

"K-koyarwa," in ji ta.

Ya yi tafiya kaɗan. Sannan ya ce, "Ban sani ba."

"Ai ba ka tambaya ba." Ta ɗan taɓa shi da kafaɗa. "Ba komai, Baba. Ga shi ina yi, sai dai ajin nawa yana da tayoyi."

Ya yi dariya, amma sai da ya cire tabarau ya goge.

"Ranar Asabar kada ka zo," in ji ta.

"Ba zan zo ba." Ya mayar da tabaraun. "Amma duwatsun nan, da gaske suna da kyau? Ni ban ga ko ɗaya ba."

"Sai ka sake sayen tikiti," in ji Auta. "Ka zo ranar Talata. Wani ne jagora."