Idon Inna a Gaban Talabijin

Shekara goma sha tara ke nan da idon Inna ya rufe, amma ko sau ɗaya ba ta fasa fim ɗinta na bayan la'asar ba. Baba ne idonta. Zai jawo kujerar roba ya zauna a damanta, gwiwarsa na taɓa tata, yana gaya mata wa ya shigo, wa ya harari wa, wa ya laɓe a bayan labule. Kuma wallahi Baba ya iya. Ko wanda ya shirya fim ɗin bai kai shi zuba labari ba.

Aibinsa ɗaya ne: a bakin Baba ba a mutuwa. In jarumi ya faɗi jina-jina, sai ya ce, "Ya ɗan kishingiɗa, gajiya ce." In aka ɗauki gawa, ya ce an raka shi tasha. Mu 'ya'yansa mun sha toshe baki da mayafi don kada dariya ta tona shi.

Bana na lura yana ta matso da kujerar gaba, yana ƙanƙance ido kamar mai zura zare a allura. Na tsare shi a bakin ƙofa, na ƙi ba shi hanya sai da ya zaro mini takardar likita daga aljihu. Jijiyar ido ce, kuma ba ta gyaruwa.

"Ki rufa mini asiri, Auta," ya ce. "In Innarku ta ji, cewa za ta yi a daina kunna fim don a hutar da ni. To me ya rage mata a yini?"

Na sha kukana a mota. Da na gaji, na share fuska na shiga shagon kayan lantarki da ke ƙasan ofishinmu. Mai shagon ya saurare ni, ya kunna wata sabuwar talabijin, ya danna wani wuri a rimot. Sai ga muryar mace a natse, tana bayyana abin da ke faruwa a tsakanin maganganun 'yan wasa, ba ta hawa kan maganar kowa. "Ta buɗe taga. Hannunta yana rawa." Ko waye ya zauna ya tuna da makaho a gaban talabijin, Allah ya yi masa albarka.

Nan take dabara ta zo mini. Na sayi talabijin ɗin, na haɗa da ɗan abin kunne marar waya. Muryar za ta riƙa shiga kunnen Baba shi kaɗai, shi kuma ya juya ta da salonsa ya ba Inna.

Kai, ka ga aiki! Mako biyu Baba yana sheƙa bayani har da abin da bai taɓa lura da shi ba lokacin da idonsa ke garau. Ranar farko da aka gama, ya ja ni gefe yana shafa rimot ɗin, ya ce, "Yarinyar nan ta ciki tana da tarbiyya. Ba ta katse manya."

Abin da na manta shi ne halin ubana. Baba ba ya wuce soket ya bar abu a jone. Tun muna yara yake bin ɗakuna yana zare wayoyi, wai kada wuta ta lalace a banza. Na ce masa abin kunnen nan sai ya sha caji, na maimaita har sau uku. Ya ce to. Hannunsa bai ji ba.

Ranar Asabar ina gidan, Inna ta ce a sa mata fim ɗin direban nan da take so, wanda ta kalla ya fi sau goma. An zo kusa da ƙarshe, Baba ya gyara murya ya ce, "Ga shi nan ya hau mota, yana ɗaga wa matarsa hannu."

Daidai nan cajin ya ƙare. Muryar ta dawo cikin talabijin, ta cika falon tar: "An lulluɓe shi da farin ƙyalle. Matarsa ta durƙushe a bakin kabari."

Baba ya shiga lalubar rimot, ya ture shi ƙasa, ya sunkuya yana shafa tabarma, alhali ga shi nan kusa da ƙafarsa. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na lokacin ba.

"Wace ce wannan mai gaskiyar?" in ji Inna.

Baba ya ci gaba da laluben rimot.

"Bar shi, Malam, kada ka kashe ta," ta ce. "Direban nan tun kallon farko na san ya mutu. Ana raka mutum tasha da irin wannan kiɗan? Na ƙyale ka ne don naka ya fi daɗi."

Baba ya ɗago. "Akwai abin da ban gaya miki ba."

"Wata huɗu ke nan kana shafa bango kafin ka sami makunnin fitila. Ƙarar tafin hannu a jikin bango, ni za a ɓoye wa?" Ta juyo wajena. "Ke kuma munafuka, Allah ya yi miki albarka. Ƙara mana muryar, mu biyu ne yanzu."

Na ɗauki rimot ɗin na ƙara, hawaye na ɗiga a kansa. Suka saurara har fim ya ƙare.

Sannan Inna ta dafa gwiwa ta miƙe. "Tashi, Malam. Daga nan zuwa ƙofa taku nawa ne?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba."

"Tara ne. Rufe idon duka, ba ni hannunka. Gara ka koya tun ina da ƙarfin riƙe ka."