Cokali a Ƙarƙashin Kofi

"Wayyo, ina cokalina ya shige?" Nekesa ta zare ido kamar wadda aka yi wa sata. Tana durƙushe a falon Madam Kawira, kofunan roba kife a gabanta. Makena, 'yar Madam, ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗaga na tsakiya.

"Ga shi, Anti! Na kama shi!"

"To me ake yi da cokali?"

"Shan kunu!"

Madam tana bakin ƙofa tana saka ɗankunne. "Kin gani ko? Likita ya ce ƙwaƙwalwar yaro ɗanyen siminti ce, abin da aka zana kafin ya bushe shi ke zama. Ki dube ta cikin ido, ki tambaye ta, ki jira amsa."

Nekesa ta ji wannan karatu har ta haddace. Da ta fara aiki a gidan, dariya abin ya ba ta. A ƙauyensu can wajen Bungoma babba ba ya zama hira da jariri, balle a ɗauke shi aiki don wasa. Amma ta gani da idonta: kullum sai yarinyar nan ta tsinci sabuwar kalma daga bakinta.

"Yau ki tafi da wuri, biki za mu," in ji Madam. "Kuma maganar nan dai, Nekesa. Daga Litinin ina so ki riƙa kwana a nan, Lahadi kya leƙa gida. In ba za ki iya ba, ki faɗa min in nemi wata."

"Da yaron nawa, Madam?"

"Haba, ɗakin da zan ba ki ko ke kaɗai da ƙyar." Ba da mugunta ta faɗa ba. Har ragowar chapati, wato gurasarsu, ta ƙulle mata a leda.

A cikin bas ɗin Kawangware, unguwarsu, Nekesa ta jingina kai da taga. Ɗanta Barasa wata ɗaya aka haife su da Makena, amma har yau ko "Mama" bai ce ba. Kowa cewa yake maza ba sa saurin baki. Ita kuwa yana barci take kai shi gidan raino, yana barci take ɗauko shi, ba ta taɓa ganinsa a can da rana tsaka ba. Gidan Kaka Moraa ta zaɓa, saboda matan unguwa sun ce a can ba a jin kukan yaro.

Ta tarar da tsohuwar a ƙofa tana yanka ganyen miya.

"A'a, Maman Barasa da rana! Masu kuɗin sun kore ki ne, ko maigidan kika ƙwace?"

"Kaka, bakin nan naki! Ina angon naki?"

"Yana ciki, inda na ajiye shi."

Ɗakin kwano ne, duhu, zafi kamar tanda. Yara birjik a kan katifu, wasu na barci, wasu idonsu biyu amma shiru. Barasa yana zaune a lungu ya ba ɗaki baya, yana kankare tsatsar bango da farce.

"Haka yake wuni?"

"Haka, 'yata. Ɗanki zinariya ne. Da farko ya yi ta tsala kuka, na ƙyale shi, ya yi hankali. Yanzu ko motsinsa ba kya ji."

"Kina yi masa magana?"

"In ce masa me? Labarin siyasa?" Kaka Moraa ta yi dariya, sannan ta nuna yaran da wuƙar hannunta. "Hannu biyu gare ni. In kowa ya ci, kowa gindinsa a wanke, na gode wa Allah."

Nekesa ta nemi abin da za ta zarge ta da shi, ba ta samu ba. Ita da kanta ta sha yi wa maƙwabta alfahari cewa ɗanta ba rigima.

Ta goyo Barasa zuwa gida. A ɗakinta ta ture murhu gefe, ta shimfiɗa zane a ƙasa, ta zaunar da shi a gabanta. Kofuna biyu gare ta, ta cike na uku da gwangwanin madara. Ta nuna masa cokali, ta kife kofi a kai.

"Wayyo, ina cokalina?"

Barasa yana kallon wani wuri a bayan kafaɗarta. Ta sunkuya har fuskarta ta zo daidai tasa, ya kawar da kai, ba da fushi ba, kamar dai yadda mutum ke yi in baƙo ya ƙura masa ido a mota. Ta tafa hannu. Ta yi kukan akuya, wanda ke sa 'yar Madam birgima don dariya. Ta sake ɓoye cokalin, ta sake.

"Nemo shi mana! Maza, Makena, ina..."

Ta kama bakinta. Wasan nan kullum take yin sa, amma harshenta bai san shi da sunan ɗanta ba.

Ta zauna daɓas. A waje mai gawayi yana tallarsa, rediyon maƙwabta na ta waƙar coci. Ta yi lissafin da ba ya fita: in ta ƙi kwana, aiki ya tafi, kunun Barasa ma ya tafi. In ta yarda, Barasa ya koma lungun nan har da dare. Uwarta a ƙauye ba ta gani sosai. Uban yaron kuwa tun cikin yana ƙarami ya ɓace.

Ta fara wata waƙar daka ta garinsu, can ƙasa-ƙasa, ba ma don Barasa ba. Tana yi tana ƙwanƙwasa kofin da yatsa. Sai ta ga idonsa ya sauko kan yatsan. Ta tsaya. Madam ta ce a jira, ta jira.

Barasa ya miƙa hannu a hankali, ya ture kofin. Cokali ya bayyana. Ya dube shi, sannan ya ɗago ya dubi fuskar uwarsa, kamar yana tambayar ko laifi ya yi.

"Ka kama shi!" in ji Nekesa. "Barasa, ka kama shi! Cokali. Ce co-ka-li."

Leɓensa ya ɗan motsa.

Wayarta ta ɗauki ƙara a kan gado. Ko ba ta duba ba ta san Madam ce. Ta bar ta ta yi ta yi har ta katse, sai ta sake farawa. Nekesa ta ɗauka.

"Nekesa, yi haƙuri, Makena ta ƙi cin komai a nan, sai kiran Anti take. Ki ɗan yi mata magana. Af, batun Litinin fa?"

Nekesa ta dubi ɗanta. Ya riƙe cokalin gam, yana kallon bakinta, yana jira.

"Zan zo da kayana, Madam," ta ce. "Ba Makena wayar."