Gatarin Aradu a Jakar Turai

Turai na leƙa akwatin gilashin sai ta ƙanƙame jakarta. Duwatsu ne jere a ciki, waɗanda mai yi musu jagora ta ce mutanen da suka zauna a kogo shekaru dubbai da suka wuce ne suka sassaƙa. Ɗaya daga cikinsu ya yi kama da nata. Nata kuwa yana cikin jakar hannunta, ƙunshe a tsumman atamfa.

Rakiya kawai ta yi wa ajin 'yarta Khairunnisa daga unguwar Al Nahda ta Dubai zuwa wannan gidan tarihi. Dutsen kuma gadon kakarta ne, wadda ta tsince shi a tudun wani kufai bayan garinsu. Gatarin aradu ake ce masa, wai mai riƙe da shi tsawa ba ta faɗa masa. Turai takan manta fasfo a gida, amma ba ta taɓa manta shi ba.

Matsalar ita ce a bakin ƙofar fita ana duba jakunkuna. Wa zai yarda ba ɗauka ta yi ba? Ta hango bizarta da shagonta na unguwar Al Rigga sun tafi. Ta matsa kusa da kwandon shara har sau biyu don ta jefar da dutsen, hannunta ya ƙi.

"Umma, kin jiƙe da gumi, ga sanyin AC," in ji Khairunnisa.

"Rufe min baki."

A ƙofar fita mai gadi ya kwance tsumman, ya dube ta, ya kira jagorar. Turai ta shiga rantsuwa da Larabcinta na kasuwa. Matar ta sa safar hannu ta juya dutsen, sai fuskarta ta washe. Ta ce ba nasu ba ne, ba su da irinsa a nan. Ba kuma daga sama ya faɗo ba: mutum ne ya zauna ya goge shi har ya yi baki, wataƙila yana sarar itace da shi a kan tudun da aka tsince shi. Daɗi ya kama Turai. Ashe suna da tsoffin da suka iya aiki haka.

Jagorar ta tambayi abin da take yi da shi. Khairunnisa ta fassara tana danne dariya, matar kuma ta ce, to yana aiki?

Turai ta dubi sararin da rabonsa da hadari wata goma, ta mayar da dutsenta jaka.

"Gaya mata shekarata tara a Dubai, tsawa ba ta taɓa ni ba."