Kachala a Hanyar Ruwanmu

Mu uku mahaifinmu ya bari, ya bar mana gonar shinkafa a fadamar Argungu da hanyar ruwa guda ɗaya da ta taso daga gulbi. Ruwan yakan fara ratsa kason Yaya Sahabi, ya bi ta na ƙanena Riskuwa, in ya rage ya iso nawa. Ni Ɗayyaba ni ce a wutsiya, ga marayu huɗu a gabana, abin da gonar ta ba ni shi muke ci.

Yaya Sahabi masunci ne, rabin rayuwarsa a cikin ruwa ya yi ta. Riskuwa kuwa ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, yana zaune Gwadangaji, sai Asabar yake leƙo gona da takalmin roba mai ƙyalli. Tun ranar rabon gado ba sa ga maciji da juna. In ɗaya na da magana, ni ake ba in kai wa ɗayan, kamar ba ni da aikin yi.

Bana kachala ta cinye hanyar ruwan. Doguwar ciyawa ce, ta fi mutum tsawo, saiwarta na tafiya a ƙarƙashin taɓo tana haihuwa. Ta toshe hanyar har ruwa ya daina isowa wurina, kasona ya tsattsage.

Yaya Sahabi ne ya fara motsawa, ba don ni ba, don ta fara shiga nasa. Kwana tara yana cikin ruwa har ƙugu da lauje, yana sunkuyawa yana yanke ta can ƙasa, ƙafafunsa duk matsattsaku. Da ya gama ya jera buhunan yashi ya datse ƙarshen hanyar, ruwa ya taru ya rufe kututturan.

"Sati ukku," ya ce mini. "Ta kututture taka shaƙar iska. In ruwa ya ruhe ta, saiwat ta ruɓe. Tahi ki zuba irinki, randa nib buɗe ki yi dashe. Kuma ki gaya ma ɗan bokon ga kada ya taɓa min ruwa."

A ranar na zuba iri a gefen rijiyar wata maƙwabciya, buhun da na hana yara taɓawa tun kaka. Ran Juma'a na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, na sami Riskuwa a ƙofar gida yana wanke babur. Na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni, har da ɗan bokon, don raina a ɓace yake da su duka. Nan na yi wauta.

"Ruwa shi kashe hakin ruwa?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya Ɗayyaba, shayar da ita shika yi! Ni da nic ci takarda za ya koya ma noma? Akwai magani, hweshi guda an gama."

"Ya ce sati ukku, Riskuwa. Na zuba iri."

"Shi yac ce. Hanyag ga ta ubanmu ce, ba tashi ba."

Washegari Yaya Sahabi ya tafi su a Augie. Riskuwa ya iso da lebura biyu da injin ban-ruwa da galan na maganin ciyawa, irin wanda ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa sai ya ƙone. Ya toshe bakin hanyar daga gulbi, ya kunna inji ya zuƙe ruwan tas, wai kada magani ya tsarke. Na tsaya a kan kunya ina roƙonsa, ina Allah ina Annabi, ya juya mini ƙeya. Suka goya tankin feshi suka bi kututture suna fesawa har la'asar.

Ɗaya daga cikin leburorin, dattijo ne, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, maganin ga ta ganye yaka shiga, shi kai ma saiwa. To ina ganyen? An yanke."

"Ka gaya mai mana!"

"Na gaya mai. Ya ce hweshi anka kawo ni yi."

Kwana uku Yaya Sahabi ya yi a Augie. Kwana ukun nan kututturan na tsaye a fili, suna shan iska da rana. Da ya dawo ya gani, bai yi ihu ba, sai ya aiko a kira ni.

"Ki gaya mai, wallahi ko lauje ban ƙara ɗauka. Shi da yab buɗe ta shi ruhe."

Na kira Riskuwa a waya. Ya ce shi ya gama nasa, in magani bai ci ba laifin wanda ya yanke ganye ne, shi ya gyara. Ba wanda ya cire toshiyar, kowa na jiran ɗan uwansa ya fara sunkuyawa. Na shiga da kaina na janye buhunan da Riskuwa ya toshe bakin hanyar da su, amma gulbi ya riga ya ja baya, ruwan da ya shigo ko idon sawu bai rufe ba.

Kafin kwana goma hanyar ta yi kore shar. Inda aka yanke ɗaya, uku suka fito. Ban taɓa tsanar wani tsiro kamar yadda na tsani wannan ba, kuma in faɗi gaskiya, ban tsane shi kamar yadda na tsani 'yan uwana ba a lokacin.

Irina ya yi sati uku, ya yi huɗu, ya yi shida. Ya yi tsawo, ya yi gaɓa, gindinsa ya fara ja. Kowace mace a fadama ta san iri in ya kai haka ko an dasa ba ya yin 'ya'ya. Maƙwabciyata ta ce tana son wurinta za ta sa albasa, kuma da gaskiyarta.

Ranar Asabar na je na tuge shi duka, na ɗaure dami biyar. Wani makiyayi ya ce zai karɓa wa shanunsa. Hanyar zuwa wurinsa ta bakin gonarmu take, a nan na tarar da su: Yaya Sahabi a wannan gaɓa, Riskuwa a waccan, kachala a tsakaninsu har ba sa ganin fuskar juna sosai.

"Jahili, kai kal lalata min magani!"

"Kai kaz zuƙe min ruwa, marar kunya!"

Na bi ta gefen Yaya Sahabi da dami a ka, har ganyen ya goge shi a kafaɗa. Na sauke wa shanu, na dawo na ɗauki na biyu. Sau biyar na wuce su da abincin 'ya'yana na shekara a kaina, ba wanda ya tambaye ni me na ɗauko.