Manhajar da Ba Ta Goguwa

Mai shago ya sa farce ya tsaga ledar kwalin, ya zaro wayar, ya danna gefenta, ya miƙa wa Dogo tun kafin ta gama kunnuwa.

"Riƙe ka ji, yallaɓai. Batirin nan sai ka gaji ka bar shi. Hoto kuwa, ko ba ka yi wanka ba sai ta nuna ka yi."

Matar Dogo ta yi dariya. Malamar firamare ce, daga makaranta ta biyo shi kasuwa, alli bai gama fita daga yatsunta ba. Ita ta zaɓi wayar, ita kuma ta biya. Wani kamfanin raba magunguna ne ya ɗauki Dogo direba, aka ce gobe ya zo da babbar waya a sa masa manhajar da ke nuna wa direbobi shagunan da za su kai kaya. Wanda ba shi da ita ba a ba shi makullin mota.

Dogo ya daɗe rabonsa da irin wannan waya. 'Yar ƙarama mai madannai da tocila yake riƙewa, wadda 'yan biyunsa ke kira kakar wayoyi. Sabuwar ta yi masa santsi a hannu. Fuskarta ta haska, sai ga manhajoji jere reras, babu wadda ya ce a sa masa: ta wasan haɗa alewa, ta labarai, ta sayar da takalma, ta waƙoƙi har kala biyu. Ya ja da yatsa, wani shafin ya fito. Ya sake ja.

Tana can ƙasa a kusurwa, koriya, da ƙwallo a tsakiya. Bai buƙaci karanta sunanta ba.

Manhajar cacar ƙwallo ce. A da yana da tasi tasa ta kansa, yana ajiye ta a inuwa ya kifa kai a kan waya, fasinjoji na ƙwanƙwasa gilashi yana ce musu mota ba lafiya. Ta nan tasin ta tafi, daga baya firji ya bi ta. Malama ta kwashi yara ta koma gidan yayanta har tsawon zangon karatu guda. Ranar da ta dawo ba a yi dogon zance ba. Ya ba ta babbar wayarsa, ta ba shi ƙaramar, shi ke nan.

Ya ɗora yatsa a kan koriyar ya danne, yadda ake yi in za a goge abu. Rubutu ya fito. Akwai "bayani", akwai "ɓoye", babu "goge". Ya sake dannewa.

Malama ba ta gani ba. Tana can tana zaɓen rigar waya, tana tambaya ko akwai baƙa. Dogo ya lura da hakan. Ya lura kuma cewa in ya danna "ɓoye" yanzu, babu wanda zai san tana ciki sai shi. Ya tsaya da yatsa a sama har fuskar wayar ta fara dushewa.

"Malam," ya ce wa mai shago, "wannan fa, yaya ake cire ta?"

Mai shago ya leƙo. "Wacce? Au, wannan ba ta fita. Da ita ta zo."

"Ni ban saye ta ba."

"Ai ba kai ka saye ta ba, su suka saye ka." Mai shago ya yi dariyar maganarsa. "Masu manhajar ke biyan kamfanin waya a dasa ta tun daga can. Shi ya sa ka ga waya kamar wannan da araha. Gidan naka ne, amma da 'yan haya ya zo, kuma ba sa tashi."

Malama ta ajiye rigar wayar, ta matso ta duba. Ta ga koriyar. Ba ta dubi mijinta ba, sai ta gyara zaman jakarta a kafaɗa.

"A ɓoye ta, ba za ta dawo ba?" ta tambaya.

"Gaskiya, Hajiya, tana dawowa. Duk sanda waya ta sabunta kanta sai ta farka, har ta riƙa turo saƙo wai ga wasan yau, ga kyauta. Akwai mai gyara a ƙarshen layi da ke fasa su ya cire, amma garanti ya tashi ke nan, kuma manhajojin aiki da yawa ba sa yarda su hau wayar da aka fasa."

"To a canza mana wata."

Nan fuskar mai shago ta sauya. Ya ɗaga ledar da ya tsaga, ya nuna mata. "An fasa kwali, Hajiya. Ni ma in na mayar ba a karɓa. Kuma duk wayoyin kamfanin nan haka suke, ƙanana da manya." Ya juya wajen Dogo. "Yallaɓai, abu mai sauƙi. Ka ƙi taɓa ta mana. Ta yi zamanta, ka yi naka."

A shagon da ke maƙwabtaka an kunna talabijin, ana nuna wasa, wasu samari sun cika ƙofa suna ihu. Mai shago ya dubi mijin, ya dubi matar, ya dubi 'yar ƙaramar wayar da ke leƙowa daga aljihun rigar Dogo. Ya bar dariya.

Ya sunkuya ya jawo aljihun tebur, ya yi ta motsa cajoji da wayoyin kunne, ya fito da wata waya ba kwali. Ta wani kamfani ce daban, ta hannu, ta fi waccan ƙanƙanta, da 'yar tsaga a kusurwa.

"Wannan su ba sa cusa komai. Kira, saƙo, taswira, kyamara. Sauran kai ne mai gida, abin da ka ga dama ka sa, abin da ka ga dama ka cire. Batirinta bai kai na waccan ba, ba zan yi muku ƙarya ba. In kun yarda a yi musaya baki da baki, ni in san yadda zan yi da fasasshen kwali."

Kowa a wurin ya san wa ya ci riba. Malama ta ɗauki sabuwar ta juya ta, ta shafa bayanta mai sheƙi. Tun watan jiya take wucewa ta gaban shagon tana kallonta.

"Baban 'yan biyu, kai za ka riƙe. Me ka ce?"

"A ba mu tsohuwar."

Mai shago ya cire layin Dogo daga ƙaramar, ya sa a ta hannun, ya goge fuskarta da gefen rigarsa. Dogo ya karɓa. Shafi ɗaya ne tal, rabinsa ma fili. Ya ja da yatsa, babu wani shafin. Ya gwada danne manhajar lissafi, sai ga "goge" ya fito ɓaro-ɓaro. Ya saki.

Daga ƙasa akwai rumbun da ake sauko da manhajoji. Ya taɓa shi, ya buɗe nan take, da gurbin rubuta abin da mutum ke nema. Harafi uku na farkon sunan koriyar sun isa, sauran wayar za ta ƙarasa masa. Ya san tsawon lokacin da saukewar ke ɗauka: bai kai a sauke kwalayen magani a shago ɗaya ba. Kuma yini zai riƙa yi shi kaɗai a mota. Samarin maƙwabta suka sake kurma ihu, wani na rantsuwa cewa alƙalin wasa ya cuce shi.

"Malam," Dogo ya ce, "wannan rumbun ana iya sa masa makulli?"

"Ana yi. Iyaye na sa wa yara. Lambar sirri ce, in ba ita ba abin da zai sauka."

"Sa min."

Mai shago ya karɓa ya yi 'yan danne-danne, ya miƙo masa. "Sa lamba huɗu, wadda ba za ka manta ba."

Dogo ya tura wayar gaban matarsa.

"Ni ban ce a yi haka ba," in ji ta, a hankali.

"Na sani, Malama. Sa kawai."

Ya juya musu baya, ya fuskanci layin kasuwa. Wani mai dako ya wuce da kwalaye a ka, yana neman hanya. Wata mata na jayayya da mai gyara a kan fuskar wayarta da aka canza. A bayansa ya ji mai shago na cewa ta sake sawa don tabbatarwa.

"Kin gama?"

"Tsaya tukuna," ta ce. "Ranar haihuwar yara na sa. Yanzu na tuna ka san ta."

"Canza."

Ya ci gaba da kallon layin, hannuwansa a aljihu.