Muryar Illa a Ginin Gwaji

Rana ta karkata a Tahoua, inuwar itacen bedi ta rufe rabin tsakar gida, Shamsiya na zaune da kwamfuta a cinya tana gyangyaɗi. A cikin gyangyaɗin take jin mahaifinta yana kiran garuruwa kamar mai kiran awaki: Bambeye, Takanamat, Tébaram. Ta buɗe ido. Innarta Rakia ce ke bakin murhu da waya a kunne.

Shamsiya da abokin aikinta Aghali sun daɗe suna haɗa wani ƙunshin manhaja mai sa waya ta yi magana, ta gaya wa makiyaya inda ruwa ya sauka da rijiyar da ba ta ƙafe ba. Irin wannan abu gini biyu ake yi masa. Akwai na gwaji, mai nauyi da surutu, wanda ke ɗauke da duk tarkacen masu aiki. Akwai kuma na fitarwa, wanda aka tankaɗe aka bar wa jama'a tsaba.

Lokacin gwajin farko ba su da mai karanta sunayen garuruwa, sai ta zaunar da mahaifinta, Malam Illa. Tsohon ya ɗauki abin da girma, har rawani ya naɗa, wai kada na'ura ta raina shi. Muryarsa ta shiga ginin gwaji da tarinsa da dariyarsa. Damina ta zo, ruwa ya ci tsohuwar kwamfutar da ainihin sautin ke ciki, kafin kaka kuma Illa ya rasu. Abin da ya rage nasa yana cikin wayar Rakia kaɗai.

Aghali ya yi sallama ya jingine babur.

"Gobe za mu saki sabon," ya ce. "Kowace waya za ta ɗauka da kanta."

Shamsiya ta ɗago kai. Ginin biyu suna ɗaya gare su, mazauni ɗaya. Sabon na sauka zai kwanta kan tsohon, ba wanda zai sake jin Illa.

"A canza sunan," ta ce.

"Na gwaji aka saba canza ma suna, Shamsiya, kin sani. Kowa haka shika yi."

"Wancan an gama gina shi, ba ni taɓa shi. Sabon za mu canza ma, mu ba shi nashi wuri."

Aghali ya dafe kai, don wannan na nufin su bi duk inda manhajar ke kiran ƙunshin da sunansa su gyara, saboda waya ɗaya tak a duk ƙasar Adar. Ya buɗe baki zai yi gardama, sai muryar Illa ta taso daga wayar da ke bakin murhu, a hankali, tana cewa Takanamat. Ya rufe bakin, ya jawo tabarma.

Suka yi ta aiki har la'asar ta yi sanyi. Shamsiya na bugawa tana ganin hanyar Tébaram a ranta, jan dutse da ƙaya, da mahaifinta a gaba yana tafe ba ya waiwaye. Kewarsa ta cika mata ƙirji, ba ta ɓoye hawayen ba.

Da suka gama ta karɓi wayar Rakia ta girka sabon a gefen tsohon. Alama biyu suka bayyana, kamar rumbun ci da rumbun iri.

"Inna, taɓa wagga."

Wata murya mai santsi ta faɗi labarin rijiyoyi, tsaf, ba tari. Rakia ta taɓe baki.

"Wanga ba shi gaisuwa?"

Ta taɓa ɗayar da kanta. Wayar ta yi jinkirinta na kullum. Sai aka yi gyaran murya.

"Bambeye," in ji Illa. Ya yi tari. "Shamsiya, na hwaɗi daidai, ko in sake?"

Rakia ta gyara wutar murhu, ta matso da wayar kusa da kumatunta.

"Sake, Malam," ta ce. "Ba mu ji ba."