Kututturen Yaya

…kuma ya sake tohowa. Ko kunya babu. Tana tsaye da adda a hannu, galan ɗin kananzir a gefen ƙafarta, kututturen ya fito da sabbin rassa, miƙaƙƙu, kore shar. Shi ne fa. Gindin bishiyar da ta faɗo wa Yaya.

Ƙona shi, Auta. Haka Inna ta ce, ba ta ko ɗago kai daga wankinta ba. A ƙona shi, ko a sayar da gonar katakon gaba ɗaya, kowa ya huta. Sayarwa? Bayan ita Auta ta share hanya, ta ɗaga shingen da ya kwanta, hannuwanta sun yi kanta kamar na maƙeri?

Dashen da ta yi da kanta, gara ta cinye rabi, sauran sun tsaya a ƙanjame, abin tausayi. Duk faɗin gonar nan babu mai ƙoshin lafiya sai wannan… mai kisan kai. Saiwarsa ta daɗe a ƙasa, ba ruwansa da fari.

Ashana tana aljihu. Tana jin ta.

Ba a barin toho da yawa a kan kututture, ɗaya ake zaɓa, wanda ya fi miƙewa, a sare sauran. Wa ya koya mata? Shi, Yaya. Yana fito, fensir a bayan kunne, yana tsokanarta wai idonta karkatacce ne, ko sanda ba za ta iya zaɓa ba… ƙarar injin yankan katako, iska ta juya, matsa can, Auta! Ta matsa. Shi bai matsa ba. Har yau in ganye ya motsa sai ta waiwaya. Kewarsa ta ishe ta, wallahi ta ishe ta.

Wannan ya lanƙwashe. Wannan siriri ne. Wancan kuwa, na tsakiya, ai ko Yaya sai ya yaba…

Me take yi haka?

Rassa zube a ƙasa, ruwansu na tsatsafowa a bakin adda. Saura ɗaya a tsaye, ya kai mata kafaɗa. Galan ɗin ko murfinsa ba ta taɓa ba. Ta zaɓa masa. Ta gyara masa wuri ya girma.

Inna na gida tana duban sama, tana jiran hayaƙi. Ita kuwa… me za ta je ta ce?